Golf 3 tana shanye ruwa tana zafi: a canza gaskit ko a sauke injin?

Mai Golf, Kano:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin mota, domin na shiga tsaka mai wuya kuma ba na son in zuba kuɗin da ƙyar na tara a kan abin da ban fahimta ba. Ina da Volkswagen Golf 3 ƙirar 1996, mai injin fetur lita 1.8, wadda na saya hannu na biyu shekara shida da suka wuce. Da ita nake zuwa makarantar da nake koyarwa, da ita nake kai mahaifiyata asibiti duk wata, kuma a tsawon wannan lokaci ba ta taɓa ba ni wata babbar wahala ba.

Mako uku da suka wuce, cikin zafin watan Afrilu, na tashi daga Kano zuwa Katsina gaisuwar rasuwa. Bayan na wuce Bichi, kafin in kai Tsanyawa, sai na lura allurar zafi, wadda kullum take zaune a kan 90, ta haura ta doshi ja. Ban tsaya nan take ba, saboda ina ɗauke da dattawa biyu kuma wurin babu ko inuwa, sai na ƙara tafiyar kamar kilomita biyar har muka sami rumfa. Da na ɗaga bonet na tarar ruwa yana tafasa a cikin robar ruwa, fanka kuwa ko motsi ba ta yi. Muka jira injin ya huce, wani yaro mai gyaran wayar mota ya haɗa fankar kai tsaye, muka zuba ruwan leda, muka ci gaba da tafiya.

Tun daga ranar motar ba ta koma daidai ba. Duk kwana biyu sai na ƙara ruwa kusan lita guda, alhali idan ta kwana ba na ganin ko ɗigo a ƙasa. Da safe idan na tayar da ita injin yakan yi karkarwa na kamar rabin minti, kamar fulogi ɗaya ba ya kama wuta, sannan ya daidaita. Farin hayaƙi yana fita ta salansa kuma ba ya ɓacewa da sauri. Babban tiyon da ya tafi lagireto yana yin tauri tun injin bai ɗumama ba. Baƙin mai a jikin sandar awo bai canza launi ba, amma a ƙarƙashin murfin da ake zuba mai akwai ɗan abu fari-fari kamar madarar da ta kwana.

Makaniken da na saba kai wa ya duba murfin nan kawai ya ce tof gaskit ya ƙone, in kawo naira 95,000 da kaya da aiki, zai gama cikin kwana biyu. Wani da abokina ya kai ni wurinsa ya ce kada in ɓata kuɗina, injin da ya tafasa ba ya komawa yadda yake, gara in sayi injin Beljiyam a kan naira 420,000 ban da kuɗin ɗorawa. Abin da ya dame ni shi ne a cikinsu babu wanda ya auna komai. Ta yaya ake tabbatar da cewa gaskit ne kafin a buɗe injin? Idan shi ne, me ya kamata aikin ya ƙunsa? Kuma zan iya ci gaba da lallaɓa ta zuwa makaranta har a yi albashi? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Makanike, Kaduna:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan wanda kuka je wa gaisuwa. Zan fara da tambayarka ta ƙarshe domin ita ce ta gaggawa: ka ajiye motar nan daga yau. Karkarwar da kake ji da safe tana nuna cewa cikin dare, lokacin da injin ke hucewa kuma ruwa yana nan a matse, wani abu daga cikinsa yana tsiyaya ya shiga silinda ɗaya ya jiƙa fulogi. Yanzu ɗan kaɗan ne, shi ya sa injin ke ƙone shi cikin rabin minti. Ranar da ya taru da yawa, fistin zai taso ya tarar da ruwa, ruwa kuwa ba ya matsuwa kamar iska, sai sandar fistin ta lanƙwashe. A nan ne maganar makanike na biyu za ta zama gaskiya, ka sayi injin dole.

Domin ka gane abin da ake magana a kai, injin naka gida biyu ne. Na ƙasa, inda fistin huɗu suke hawa da sauka, baƙin ƙarfe ne. Na sama, wanda muke kira tof, inda bawul takwas da fulogi suke, alminiyam ne. Gaskit shi ne faifan da ke tsakaninsu, kuma yana raba abu uku da suke wucewa ta wurin kusa da juna ƙwarai: wutar da ke ci cikin silinda, ruwan sanyaya injin, da baƙin mai. Alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe, saboda haka idan injin ya tafasa, tof yakan ɗan karkace ya saki gaskit a wani gefe. Kilomita biyar ɗin nan da ka ƙara sun isa su yi haka, ko da yake na fahimci dalilinka.

Alamun da ka lissafa ba nauyinsu ɗaya ba. Farin abin da ke ƙarƙashin murfin mai, wanda makanikenka ya dogara da shi, shi ne mafi rauni a cikinsu, domin motar da ake gajeruwar tafiya da ita takan tara gumi a wurin, musamman lokacin hunturu, ko da gaskit ɗinta lafiya lau. Haka farin tururi da sanyin safiya, idan yana ɓacewa bayan minti biyu. Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce taurin tiyo tun injin yana sanyi, domin ruwan da bai yi zafi ba ba shi da dalilin kumbura tiyo, sai dai idan iskar silinda ce ke kutsawa cikinsa.

Akwai gwajin da za ka yi da kanka gobe da safe ba ka biya ko sisi ba. Injin yana sanyi, ka buɗe murfin robar ruwa, ka cika ta zuwa layi, wani ya tayar maka kai kuma kana kallo. Idan ka ga ƙwayoyin iska suna tasowa ɗaya bayan ɗaya ba yankewa, suna ƙaruwa idan an taka totur, to iskar silinda ce. Kada ka taɓa buɗe murfin nan injin yana da zafi, na ga yaran gareji da yawa da tabon ƙuna a hannu da fuska saboda haka. Bayan nan a kwance fulogi huɗun a jera su bisa tsarin da suka fito. Ukun za ka gan su da launin toka ko ƙasa-ƙasa, wanda ruwa ke shiga silindarsa kuwa za ka gan shi fes kamar an wanke, domin tururi ya wanke shi. Idan aka haska tocila cikin ramin, kan fistin ɗin ma yakan fi sauran haske.

Sauran gwaje-gwajen sai da kayan aiki, kuma ka nemi garejin da yake da su ko da zai karɓi kuɗin gwaji daban. Na farko gejin kwamfireshan, wanda ake ɗaurawa a ramin fulogi a murza injin a karanta ƙarfin kowace silinda. Ka tsaya a wurin ka rubuta lambobin huɗu da hannunka. Idan biyu da suke maƙwabtaka suka faɗi tare, gaskit ya ƙone a tsakaninsu. Sai dai ka sani gaskit yana iya yoyo tsakanin silinda da ruwa alhali kwamfireshan bai faɗi sosai ba, saboda haka kyawun lambobin bai wanke shi ba. Na biyu famfon gwajin ruwa, wanda ake ɗaurawa a bakin robar ruwa a matsa iska a zuba wa allura ido. Idan tana sauka, sai a bi a nemi inda ruwan ke fita. A Golf 3 akwai bakunan roba a jikin tof inda tiyo ke shiga, suna tsagewa idan sun tsufa, ruwan ya ɗiga a kan injin mai zafi ya ƙafe kafin ya kai ƙasa, mai mota ya rantse babu yoyo. Ka kuma taɓa kafet ɗin gaba, idan yana da danshi hita, wato na'urar ɗumama cikin mota, ita ce ke yoyo. Na uku shi ne mafi yanke hukunci: wani shuɗin ruwa ne a cikin kwalba da ake ɗorawa a bakin robar ruwa a zuƙo iskar wurin ta cikinsa. Idan akwai hayaƙin silinda a ciki, shuɗin yakan koma rawaya a gaban idonka.

Abu na ƙarshe, kuma ina roƙonka kada ka manta da shi: gaskit ba shi ya fara ba. Fankarka ce ta tsaya, sannan gaskit ya biyo baya. Ko fiyus ne, ko makunnin fanka da ke jikin lagireto, ko ita kanta fankar, dole a gano. Duk wanda ya ce zai canza gaskit bai tambaye ka me ya sa motar ta yi zafi tun farko ba, kada ka bar masa makulli.

Direban Haya, hanyar Kano zuwa Haɗeja:

Malam, Baba ya yi bayani mai kyau kuma ba na jayayya da shi a kan gwaji, amma ni a kan gyara ra'ayina ya bambanta, kuma abin da ya same ni ne ya sa. Shekara tara ina lodi da Golf 3 wagon. Lokacin da tawa ta yi irin wannan, na canza gaskit, bayan wata uku ya sake ƙonewa ina ɗauke da fasinjoji da buhunan barkono. Na sake canzawa, wannan karon ko wata biyu bai yi ba. Da na haɗa kuɗin aiki sau biyu, da kuɗin janwe, da kwanakin da na yi ban yi lodi ba, da kuɗin da na mayar wa fasinjoji a bakin titi, sai na ga ya kusa rabin kuɗin injin. Daga ƙarshe na je Ƙofar Ruwa da makanikena muka zaɓi injin Beljiyam, aka tayar mana da shi a ƙasa muka saurara, kuma shi nake aiki da shi har yau. Saboda haka ni dai idan kana da halin rance ko adashe, ka sayi injin ka huta.

Sannan duk abin da ka zaɓa, ka sa a cire tamostat ɗin nan, wato abin da ke tsare ruwan injin har sai ya yi zafi, a bar fanka kai tsaye yadda yaron ya yi maka. An yi shi ne saboda ƙasashe masu ƙanƙara, mu nan zafinmu ya ishe mu, kuma kusan duk direbobin tasharmu haka muka yi.

Malamin Koyar da Aikin Mota, Zariya:

Ina girmama abin da ɗan'uwa direba ya gani da idonsa, amma ina ganin labarinsa bai nuna cewa gyaran gaskit ba ya yi ba, ya nuna ne cewa an yi masa rabin aiki har sau biyu. Gaskit ba ya ƙonewa cikin wata uku sai da dalili, kuma dalilan sanannu ne, zan faɗe su domin Malam ya san abin da zai tsaya a kai.

Idan aka ɗage tof, a kankare shi tas, a ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfe a tsaye da kuma a gicciye, a riƙa zura siririn ƙarfen awo a ƙarƙashi. A wannan injin, karkacewar da aka yarda da ita ba ta wuce milimita 0.1 ba, wato kusan kaurin takardar littafi. Ido ba ya ganin wannan, tafin hannu ma ba ya ji, don haka duk wanda ya shafa ya ce lafiya yake, bai auna ba. Idan ya wuce haka sai a kai shi wurin masu injin aske ƙarfe su daidaita fuskarsa, kuma su auna tsayinsa tukuna, domin bai kamata ya gaza milimita 132.6 ba. Motar da ta kusa shekara talatin mai yiwuwa an taɓa aske ta kafin ta zo hannunka. A wurinsu kuma a duba tsagewa, musamman tsakanin kujerun bawul, domin tof mai tsagewa yana ba da alamun gaskit sak, kuma ko gaskit goma aka sa masa ba zai daina shan ruwa ba. A auna fuskar injin na ƙasa ma, ko da yake baƙin ƙarfe ba safai yake karkacewa ba.

Sai kusoshin da ke riƙe tof, guda goma ne, kuma irin waɗanda suke miƙewa ne idan an ɗaure su, saboda haka sau ɗaya ake amfani da su. Tsohuwar ƙusa ba ta matse gaskit yadda ya kamata ko da an ɗaure ta da ƙarfi. Ɗaurin kansa yana da tsari: ana farawa daga tsakiya a riƙa fita zuwa gefe, da sifana mai awo, zagaye na farko Nm 40 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri), na biyu Nm 60, sannan a ƙara kwatar zagaye ga kowace ƙusa, a sake bi a ƙara wata kwatar. Wanda ya zura bututu a sifana ya danna da ƙafa yana ganin ya ƙara inganci, alhali ya matse wani gefe ya saki wani. Ramukan kusoshin ma a busar da su daga ruwa da mai kafin a ɗaura. Kuma kada a bari a shafa wa gaskit gam ko giris, a busasshe ake ɗora shi, gefen da aka rubuta OBEN ko TOP yana kallon sama.

Game da tamostat, ban yarda da shawarar ba ko kaɗan. Aikinsa shi ne ya tsare ruwa har injin ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, ya fara buɗewa wajen digiri 85 zuwa 87, daga nan ya riƙe shi kusa da 90. Da zarar ya buɗe gaba ɗaya ba ya hana ruwa wucewa, saboda haka lafiyayyen tamostat ba ya sa mota zafi ko a watan Afrilu. Idan aka cire shi, injin yakan daɗe yana sanyi, ya ƙara shan fetur, ya yi saurin cinye zoben fistin, kuma matsalar da ta sa zafi tun farko tana nan an rufe ta ne kawai. Idan ya lalace a sa sabo, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Abin da ya fi cutar da motocinmu shi ne ruwan rijiya da na burtsatse da muke zubawa tsura, wanda ke barin ƙasa-ƙasa ya toshe hanyoyin lagireto, ya kuma ci alminiyam a daidai inda gaskit ke zama. Ruwan sanyaya injin na kwalba ba don ƙanƙara kaɗai aka yi shi ba, yana hana tsatsa. Murfin robar ruwa ma a canza shi, domin shi ke riƙe matsin da ke sa ruwa ya haura digiri 120 bai tafasa ba. Murfin da ya saki yakan sa ruwa tafasa tun allura ba ta yi nisa ba.

Injin Beljiyam kuwa, a tuna cewa an daina ƙera Golf 3 tun kafin shekarar 2000, saboda haka duk wanda za a saya sa'an naka ne a shekaru, kuma ba ka san tarihinsa ba. Naka ka san shekara shida na rayuwarsa. Idan ba ya shan baƙin mai, ba ya fitar da shuɗin hayaƙi, ba ya ƙwanƙwasa daga ƙasa, kuma mai bai gauraya da ruwa har ya ci mital ba, wato faifan da ƙarfen ƙasan injin ke juyawa a kansa, to ƙasan injin lafiya yake kuma babu dalilin jefar da shi.

Hajiya Mai Shagon Atamfa, Katsina:

Malam, sannu da wannan jarrabawa. Ni ba makanike ba ce, amma tun bayan rasuwar maigidana ni nake biyan gyaran motar gida da ta ɗaukar kaya, kuma na koyi wasu abubuwa game da kuɗin gyara da tsada.

Kada ka karɓi magana dunƙule irin ta "da kaya da aiki". Ka zauna da shi da biro da takarda, ya faɗa maka kuɗin gaskit nawa, kusoshi nawa, askin tof nawa, baƙin mai da matata nawa, ruwan sanyaya injin nawa, gyaran fanka nawa, kuɗin hannunsa nawa. Na tabbata za ka ga naira 95,000 ɗin nan babu rabin abubuwan da Malam na Zariya ya lissafa a cikinta, kuma ba lallai don yana son cutar ka ba ne, sau da yawa makanike yakan rage kuɗi ne don kada mai mota ya gudu, sannan ya rage aikin don kuɗin ya isa. Idan ka nuna masa kana son cikakken aiki kuma za ka biya kuɗin hannu mai kyau, shi ma hankalinsa zai kwanta ya yi a natse.

Kayan kuma ku je kasuwa tare, shi ya zaɓa kai ka biya, ka karɓi rasit, ka kuma yi sharaɗi da mai shago cewa idan bai yi daidai ba za a mayar. Na ji masu sani suna yaba gaskit ɗin Elring da na Victor Reinz, amma akwai jabu da ake sawa cikin kwali mai kama da nasu, saboda haka idan aka ba ka shi a farashin da ya yi araha fiye da kima, ka ajiye. Bambancin kuɗin gaskit mai kyau da marar kyau ƙanƙane ne idan aka kwatanta da kuɗin sake buɗe injin.

Kuɗin hannu ka ba da rabi a farko, rabi bayan ka yi mako guda kana hawa ruwa bai ragu ba, kuma ku yi wannan magana a gaban shugaban garejin ko wani dattijo da ku biyu kuke jin nauyinsa. Ka ce a ajiye maka duk abin da aka cire. Sannan ka ware wani abu a gefe, ko da kashi ɗaya cikin uku na kuɗin ne, domin sai an buɗe ake sanin gaskiyar ciki, kuma babu abin da ya fi ciwo kamar mota a buɗe a gareji wata guda, ƙura tana shiga injin, ana ɗaukar nata ana sa wa wata, saboda kuɗi sun yanke a tsakiya. Idan kuɗin ba su cika ba, gara ta zauna a rufe a ƙofar gidanka ka hau A-daidaita-sahu har su cika. Ruwan kwalbar nan da ake tallatawa wai yana liƙe gaskit, da ƙwai da wasu ke fasawa a lagireto, direbana ya taɓa gwadawa ban sani ba, ƙarshenta sai da na sayi lagireto a kan gaskit ɗin.

Mai Golf, Kano:

Assalamu alaikum. Na dawo in yi godiya in kuma faɗi yadda aka ƙare, ko wani zai amfana. Washegarin da na karanta bayanin Baba na yi gwajin ƙwayoyin iska, ƙanena ya tayar ni kuma ina kallo, sai ga su suna tasowa ba yankewa tun daƙiƙun farko. Daga ranar ban sake tuƙa ta ba, janwe ne ya kai ta gareji. Makanikena ba shi da gejin kwamfireshan, amma da na yi masa bayani bai ji haushi ba, shi da kansa ya aro daga maƙwabcinsa. Silinda uku sun zo kusa da juna, ta huɗu ta ɗan gaza, kuma fuloginta ne ya fito fes kamar yadda aka ce. Shuɗin ruwan nan ba mu samu ba, amma da aka matsa iska a robar ruwa aka bar ta ta kwana, da safe muka haska tocila muka ga ruwa yana ƙyalli a kan fistin na huɗu.

Da aka ɗage tof, gaskit ɗin ya cinye a bayan silinda ta huɗu, wata 'yar hanya baƙa wadda ba ta kai faɗin tsinken ashana ba, daga bakin silinda zuwa ramin ruwa. Na daɗe ina juya shi a hannuna ina mamakin yadda wannan ɗan wuri ya hana ni barci mako uku. Masu aski sun auna suka ce ya karkace fiye da ƙa'ida amma tsayinsa yana da saura, kuma ba su ga tsagewa ba. Abin da ya tsayar da fanka makunnin da ke jikin lagireto ne, aka canza shi aka mayar da wayar yadda take. Mun tarar babu tamostat a motar kwata-kwata, ashe tun kafin in saya aka cire, sai na sa sabo. Bakin robar da ke gefen tof ya farfashe a hannun makanike lokacin da ya ja tiyo, bel ɗin taimin kuma duk ya tsattsage, tunda an riga an sauke shi na ce a canza. Waɗannan biyun ba sa cikin lissafin farko, kuɗin da Hajiya ta ce in ware a gefe ne suka rufa mini asiri. Sifana mai awo ma aro muka yi, na tsaya da takarda ina karanta masa lambobin Malam na Zariya yana ɗaurewa.

Gaba ɗaya na kashe naira 168,000 har da janwe, kuma motar ta yi kwana goma sha ɗaya a ajiye. Yau kwana tara ke nan ina hawa, karkarwar safe ta daina, ruwa yana nan a kan layin da na yi wa alama da biro, kuma na biya makanike sauran kuɗinsa jiya. Tambaya ɗaya ta rage mini, Baba: ya ce in dawo bayan wata guda a ƙara ɗaure kusoshin, shin haka ake yi?

Tsohon Makanike, Kaduna:

Alhamdu lillahi, Malam, Allah ya sa an gama ke nan. A'a, kada a sake taɓa su. Ƙarin ɗauri al'adar tsofaffin injuna ce irin waɗanda muka koyi aiki a kansu, amma kusoshin da suke miƙewa an gama da su tun ranar da aka ba su kwatar zagaye ta biyu. Abin da za ka koma masa bayan kamar kilomita 1,000 shi ne canjin baƙin mai da matata, saboda ragowar ruwa da dattin da suka sauka ƙasa lokacin da injin yake buɗe. Ka ci gaba da duba alamar biron nan kowace safiya kafin ka tayar, har ƙarshen wata. Kuma kafin ka sake kama hanyar Katsina, ka bar motar tana aiki a tsaye a ƙofar gida har allura ta ɗan wuce 90, ka saurara ka ji fanka ta tashi da kanta, ta yi aiki, ta kuma tsaya da kanta.